Yadda wayar salula ke gane an fizge ta, an yi hatsari ko ƙasa ta girgiza

Mutum yana tsaye a bakin titi da yamma yana jiran adaidaita sahu, wayarsa a hannu yana duba saƙo. Kafin ya ɗaga kai, wani a kan babur ya miƙo hannu ya warce ta, sun ɓace cikin cunkoso. Wayar a buɗe take. Manhajar bankinsa tana ciki, haka layin da ake turo masa lambar sirri, da hotunan iyalinsa.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mazauna manyan biranen Arewa. A Kano abin ya yi ƙamarin da a watan Mayun 2023 majalisar tsaron jihar ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Sau da yawa kuma asarar wayar ce ƙaramar asara, domin abin da ɓarawo zai yi da waya buɗaɗɗiya cikin minti goma ya fi kuɗinta ciwo.

A shekarar 2024 kamfanin Google ya fito da wani tsari mai suna Theft Detection Lock, wanda ya fara gwadawa a Brazil, ƙasar da ita ma ke fama da ƙwacen waya, kafin ya baza shi zuwa sauran ƙasashe a watan Oktoba. Idan wayar ta ji an fizge ta da ƙarfi, sannan ta ji ana gudu da ita a ƙafa, a keke ko a babur, sai ta kulle kanta nan take.

Waya ba ta da ido a bayanta, ba ta san fuskar ɓarawo ba. Abin da ta dogara da shi wasu 'yan ƙananan na'urori ne masu jin motsi, waɗanda girmansu bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Su ne ke juya hoton bidiyo idan an kwantar da waya, su ke ƙirga taku, su ke buɗe jakar iska a mota, su ke tsayar da jirgi maras matuƙi cak a sama. Kuma su ne, kamar yadda bincike ya nuna, ke iya tona asirin mai waya ba tare da ya sani ba.

Me ke cikin ƙwayar?

Na'urori uku ne ke yin yawancin aikin.

Ta farko ita ce akselaromita, wato ma'aunin fizga. Duk wanda ya taɓa shiga mota ya san yadda jiki ke komawa baya idan direba ya taka totur, ya kuma yi gaba idan an taka birki. Haka abin yake a cikin wannan na'ura. Akwai wani ɗan guntun silikon da aka rataye a kan wasu siraran maɗaurai masu lanƙwasuwa. A gefensa an yanka haƙora irin na matajin kai, waɗanda suka shiga tsakanin wasu haƙoran da ke kafe wuri guda. Idan waya ta motsa, guntun yakan ɗan yi jinkirin binta, sai ratar da ke tsakanin haƙoran ta canza. Canjin ya fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma ya isa ya sauya yawan cajin lantarkin da ke tsakaninsu, na'urar kuma ta mayar da shi lamba.

Ana auna wannan ta fuska uku: gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Ko waya tana ajiye ba ta motsi, na'urar tana jin janyowar ƙasa, wadda ke ƙara wa abin da ke faɗowa saurin kusan mita 9.8 a kowace daƙiƙa. Ta haka waya ke sanin inda ƙasa take, ta gane a tsaye aka riƙe ta ko a kwance.

Ta biyu ita ce jairoskof, ma'aunin juyi. Sunan ya samo asali ne daga masanin kimiyyar Faransa Léon Foucault, wanda a 1852 ya yi amfani da wani faifai mai juyawa da sauri don nuna juyawar duniya. A cikin waya babu faifai. Wani guntun silikon ne ake sa shi karkarwa sau dubbai a daƙiƙa. Idan aka juya wayar, karkarwar takan ɗan karkace gefe, bisa wata ƙa'ida da wani Bafaranshen, Gaspard-Gustave de Coriolis, ya yi bayaninta a 1835. Girman karkacewar shi ke nuna saurin juyin.

Ta uku ita ce ma'aunin maganaɗisu, wadda ke gane arewa. Masu amfani da manhajar neman alƙibla sun san ta, ko da ba su san sunanta ba. Ita ce ke rikicewa idan an kusantar da waya ga ƙarfe, lasifika ko rigar waya mai maganaɗisu, har manhajar ta buƙaci a wulwula wayar a iska kamar ana rubuta lamba 8 don ta daidaita.

Kowace daga cikin ukun tana da rauninta. Ma'aunin fizga ba ya iya bambance karkata da fizga idan sun zo tare. Ma'aunin juyi yana tara ƙananan kurakurai har lissafinsa ya kauce bayan ɗan lokaci. Ma'aunin maganaɗisu kuwa kowane ƙarfe na iya ruɗa shi. Don haka waya ke haɗa bayanan ukun, kowace ta gyara kuskuren 'yar uwarta.

Jikin ɗan Adam ma yana da irin wannan tsari. A can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu ruwa da ke jin juyawar kai, da wasu ƙananan duwatsu da ke jin fizga da karkata. Shi ya sa yaro idan ya yi ta hajijiya ya tsaya, yakan ga duniya tana ci gaba da juyawa: ruwan bai gama tsayawa ba.

Daga mota aka faro

Kafin waɗannan na'urori su shiga aljihu, a mota suka fara nuna amfaninsu. Tsofaffin jakunkunan iska sun dogara ne da wani ƙwallon ƙarfe da maganaɗisu ya riƙe a cikin bututu. Idan mota ta yi karo, ƙwallon ya kuɓuce ya haɗa wayoyin lantarki, jakar ta buɗe. Ana buƙatar irinsu da dama a gaban mota, ga tsada, ga wahalar gwadawa.

A farkon shekarun 1990 kamfanin Analog Devices na Amurka ya fito da ADXL50, ma'aunin fizga da aka sassaƙa a kan silikon tare da lantarkinsa a ƙwaya ɗaya. Wannan fasaha ta sassaƙa ƙananan injuna a kan silikon ita ake kira MEMS. A daidai wannan lokaci injiniyoyi biyu na kamfanin Bosch a Jamus, Franz Lärmer da Andrea Urban, suka ƙirƙiro hanyar haƙa ramuka masu zurfi kuma miƙaƙƙu a cikin silikon, hanyar da har yau masana'antar ke dogaro da ita.

Aikin na'urar a mota ba ya ɗaukar jinkiri. Dole ta bambance faɗawa rami da karo na gaske, ta yanke hukunci, jakar ta cika da iska, duk kafin ƙiftawar ido.

Ma'aunin juyi kuwa ya samu karɓuwa ne sanadiyyar wani abin kunya. A watan Oktoban 1997 wata mujallar motoci a Sweden ta gwada sabuwar ƙaramar motar Mercedes-Benz samfurin A-Class, gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo titi ba zato. Motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita na wasu watanni, ya dawo da ita ɗauke da tsarin ESP, wanda shi da Bosch suka fara sawa a manyan motoci masu tsada a 1995.

Tsarin yana kwatanta inda direba ya murza sitiyari da inda motar take juyawa a zahiri. Idan suka saɓa, alamar motar ta fara sulɓewa ke nan, sai ya taka birkin taya ɗaya kaɗai don ya dawo da ita kan hanya. Amurka ta wajabta shi ga sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su Najeriya na hannu suna ɗauke da shi. Fitilarsa a gaban direba hoton mota ce da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Idan ta kama ta ƙi mutuwa, tsarin ba ya aiki, kuma like ta da baƙin salatif ba gyara ba ne.

Yadda ta shiga aljihu

A 2003 kamfanin IBM ya sa ma'aunin fizga a kwamfutocinsa na cinya samfurin ThinkPad. Abin da ke faɗowa ba ya jin nauyinsa, don haka idan lambobin na'urar suka koma kusan sifili ta fuskoki ukun, kwamfutar ta san ta suɓuce daga hannu, sai ta janye allurar faifan ajiyarta kafin ta kai ƙasa.

Abubuwa biyu ne suka mayar da na'urar kayan kowa. Na farko na'urar wasan bidiyo ta Wii da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a Nuwamban 2006, wadda ake wasa da ita ta hanyar kaɗa hannu, aka kuma sayar da fiye da miliyan 100. Na biyu wayar iPhone ta 2007, wadda hotonta ke juyawa idan an kwantar da ita. A 2010 iPhone 4 ta zo da jairoskof. Da aka shiga ƙera su da ɗaruruwan miliyoyi, farashinsu ya faɗi ƙasa warwas, har ta kai ko wayar Android mafi araha tana da ma'aunin fizga. Jairoskof da ma'aunin maganaɗisu ne ake yawan cirewa a ƙananan wayoyi don rage tsada. Wannan ne dalilin da ya sa manhajar alƙibla ko wasu wasanni ke aiki a wata wayar su ƙi yi a wata.

Ƙirga taku shi ne aikin da mutane suka fi sani. Kowane taku yana haifar da ɗan tsalle a lambobin na'urar, manhaja kuma ta ƙirga tsallen da ke zuwa a jere. Adadin taku 10,000 da ake yawan ambata bai fito daga asibiti ba. Ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka tallata a Japan a 1965, Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan tsofaffin mata a Amurka ya gano cewa haɗarin mutuwa yana raguwa yayin da taku ke ƙaruwa, har zuwa wajen 7,500 a rana, daga nan ribar ta daidaita. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Stanford sun duba bayanan wayoyin mutum fiye da 700,000 a ƙasashe 111, suka samu matsakaicin taku kusan 5,000 a rana.

Daga ƙirga taku aka wuce zuwa ceton rai. Agogon Apple Watch na 2018 yana gane faɗuwa mai tsanani, idan mai shi bai motsa ba na kusan minti guda sai ya kira lambar agaji. Wayoyin Pixel na Google sun fara gane hatsarin mota a 2019, iPhone 14 ta biyo baya a 2022.

Sai dai na'ura ba ta san mota ba, fizga kawai ta sani. Makonni kaɗan bayan fitowar iPhone 14, masu amsa kiran gaggawa a jihar Ohio ta Amurka suka fara samun kiran hatsari daga wani wurin shaƙatawa, inda mutane ke hawa lilon da ke gudu yana birki da ƙarfi. A lokacin sanyi, masu wasan sulu a kan ƙanƙara a Colorado suka jawo irin wannan. Kowane kiran ƙarya yana cinye lokacin da ya kamata a ba mai buƙata ta gaske, dole Apple ya yi ta gyara lissafin.

Wayoyi a matsayin ma'aunin girgizar ƙasa

A watan Agustan 2020 Google ya sanar da wani shiri na mayar da wayoyin Android ma'aunan girgizar ƙasa. Girgiza tana aiko da igiyoyi iri biyu. Na farko suna da sauri, suna tafiyar kusan kilomita 6 a daƙiƙa, amma ba su cika ɓarna ba. Na biyu sun fi jinkiri, su ne kuma ke rusa gini. Saƙon intanet ya fi dukkansu sauri.

Wayar da ke ajiye a caji idan ta ji abin da ya yi kama da igiyar farko, sai ta aika wa cibiyar Google sigina tare da kwatancen yankin da take. Waya ɗaya ba hujja ba ce, wataƙila wani ne ya bugi tebur. Amma idan wayoyi da yawa a yanki guda suka ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, cibiyar ta ƙiyasta wurin da ƙarfin girgizar, ta gargaɗi waɗanda ke nesa kaɗan. Daƙiƙu kaɗan ne, amma sun isa mutum ya sauko daga tsani ko ya shige ƙarƙashin tebur. Tsarin ya kai ƙasashe 98, da yawansu ba su da kuɗin kafa irin cibiyoyin gargaɗi na Japan ko Mexico.

Babbar jarrabawa ta zo da ƙarfe 4:17 na asubar ranar 6 ga Fabrairun 2023, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, ta hallaka fiye da mutum 50,000. Tsarin ya ji girgizar, amma ya raina ta, ya ƙiyasta ta tsakanin maki 4.5 da 4.9. Gargaɗi mafi ƙarfi, wanda ke ƙara ko da an sa waya a shiru don ya tayar da mai barci, wayoyi 469 kawai ya isa. Kimanin rabin miliyan sun samu ƙaramin gargaɗi wanda ba ya tayar da kowa.

Sai a 2025, bayan matsin lambar 'yan jarida da wani rahoto da masu binciken kamfanin suka wallafa a mujallar Science, girman gazawar ya fito fili. Da suka gyara lissafin suka sake gwada shi da bayanan wannan dare, tsarin ya fitar da babban gargaɗi ga wayoyi kusan miliyan 10. A Fabrairun 2025 kuma akasin haka ya faru a Brazil, inda aka tayar da mazauna São Paulo da Rio de Janeiro cikin dare da gargaɗin girgizar da ba ta auku ba.

Darasin da masana girgizar ƙasa suka yi ta nanatawa shi ne, tsarin kamfani mai zaman kansa taimako ne, ba zai maye gurbin na hukuma ba, kuma dole a riƙa bayyana gazawarsa da wuri.

Kunnen bakanike a masana'anta

Tsohon bakanike yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa kunnensa a kan mariƙin, ya saurara, ya ce boris ya fara ci. Abin da manyan masana'antu ke yi ke nan a yau, sai dai ma'aunin fizga ne a madadin kunne, kuma ba ya gajiya dare da rana.

Kowace matsala tana da irin karkarwarta. Babban janareto da ke juyi 1,500 a minti yana zagaye 25 a daƙiƙa. Idan wani sashe mai juyawa ya fi nauyi ta gefe guda, karkarwa za ta yi ƙarfi daidai sau 25 a daƙiƙa. Idan sandar inji da ta abin da yake juyawa ba su daidaita ba, sau da yawa takan bayyana a ninki biyu na wannan. Boris da ya fara lalacewa kuwa yana fitar da wata siririyar karkarwa mai sauri ƙwarai, makonni ko watanni kafin kunne ya ji ta. A kamfanin siminti, matatar mai ko tashar wutar lantarki, sanin haka yana nufin a sauya boris ranar da aka tsara, maimakon inji ya tsaya da tsakar dare aiki ya tsaya da shi.

Masu haƙar mai suna sa ma'aunin fizga da na maganaɗisu kusa da bakin abin haƙa, don su san inda ya dosa a zurfin kilomitoci, inda siginar tauraron ɗan Adam ba ta kaiwa. Ana liƙa wa manyan taransifoma na'urar da ke rubuta duk wata jijjiga da suka sha a hanya, don a san ko a jirgin ruwa ne ko a kan titi aka yi musu lahani. A manyan gonakin madara ana rataya wa shanu abin wuya mai ma'aunin fizga: saniyar da ke neman bijimi takan yawaita zirga-zirga, marar lafiya kuma takan rage tuƙa. Jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙa, waɗanda suka fara kai jini a Ruwanda a 2016, suka shiga Ghana a 2019 da jihar Kaduna a 2022, su ma kamar kowane jirgi irinsu suna dogaro da waɗannan na'urori don sanin karkatarsu sau da yawa a kowace daƙiƙa.

Fitilun sola masu kamawa da kansu idan mutum ya gifta kuwa, wata dabara ce daban. Ba fizga suke ji ba, zafin jiki suke gani. Farin murfin nan mai kama da rabin ƙwai yana raba filin gabansa gida-gida, idan abu mai ɗumi ya tsallaka daga wani gida zuwa wani sai fitila ta kama. Shi ya sa suka fi ganin wanda ya gifta ta gefe a kan wanda ya nufo su kai tsaye, kuma sukan yi rauni a tsananin bazara, lokacin da zafin bango da na ƙasa ya kusa daidai da na jikin mutum.

Idan aka kafa ta a kife

Ƙanƙantar na'urar ba ta rage girman kuskurenta. Ranar 2 ga Yulin 2013 wata roka ta Rasha samfurin Proton-M ta tashi daga Baikonur a Kazakhstan ɗauke da taurarin ɗan Adam uku na tsarin GLONASS. Daƙiƙu kaɗan da tashi ta fara layi, ta juya kai ƙasa, ta tarwatse kafin a cika minti ɗaya. Bincike ya gano an kafa wasu ma'aunan juyinta a kife, duk da kibiyar da ke jikinsu mai nuna sama. Duk gyaran da kwamfutar rokar ta yi, ƙara karkatar da ita yake yi.

Hukumar NASA ta Amurka ma ta taɓa ɗanɗanawa. Kumbon Genesis ya shafe shekaru yana tattara ƙwayoyin da rana ke fesowa. Ranar 8 ga Satumban 2004, da ya dawo, lemar saukarsa ba ta buɗe ba, ya daki hamadar Utah da gudun kusan kilomita 300 a awa. Na'urorin da ya kamata su ji raguwar gudunsa su saki lemar an zana su a juye tun a takarda. Masana sun yi sa'ar ceto wani ɓangare na abin da ya ɗebo daga cikin tarkacen.

Abin da motsi ke tonawa

Kowane allazi da nasa amanu. Waya tana neman izini kafin manhaja ta buɗe kyamara ko makirfo, amma shekara da shekaru kowace manhaja na iya karanta ma'aunan motsi ba tare da tambaya ba, saboda an ɗauka babu wani sirri a cikinsu.

A 2014 masu bincike daga Jami'ar Stanford da kamfanin Rafael na Isra'ila suka nuna cewa jairoskof na iya jin karkarwar muryar mutum, har a gane namiji ne ko mace ke magana, a kuma tsinci wasu lambobin da aka furta. A 2017 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka nuna cewa daga yadda waya ke ɗan karkata idan ana danna ta, za a iya cankar lambar sirri mai lamba huɗu daidai sau 70 cikin 100 a gwajin farko. A ɗakin bincike aka yi waɗannan gwaje-gwaje, a yanayin da ya fi na titi sauƙi, amma sun isa su sa kamfanoni ɗaukar mataki. Daga 2019 Apple ya taƙaita damar shafukan intanet ta karanta motsin waya, Android 12 kuma a 2021 ya rage saurin karantawar zuwa sau 200 a daƙiƙa ga manhajar da ba ta da izini na musamman.

Bayanan motsi sun kai har kotu. A jihar Connecticut ta Amurka wani magidanci ya ce wani ɗan fashi ne ya harbe matarsa a Disambar 2015. Na'urar Fitbit da ke jikinta ta nuna tana ta zirga-zirga kusan awa guda bayan lokacin da ya ce an kashe ta. A 2022 aka same shi da laifi, aka yanke masa shekara 65.

Akwai kuma kasuwancin bayanan. A Janairun 2025 babban lauyan jihar Texas ya maka kamfanin inshora na Allstate da reshensa Arity a kotu, bisa zargin tattara bayanan tuƙin mutum fiye da miliyan 45 ta cikin wasu manhajojin waya, kamar yawan taka birki da gudu, don amfani da su wajen tsayar da kuɗin inshora. Kamfanin ya ce da yardar masu wayoyin yake yi kuma bisa doka.

Abin da mai waya zai iya yi

Na farko ya shafi masu acaɓa da masu kai saƙo a babur. A Satumban 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa karkarwar injin babur mai ƙarfi na iya lalata kyamarar iPhone idan an ɗaure wayar a jikin kan babur. A cikin kyamarar akwai gilashin da ke shawagi, wanda jairoskof ke sarrafawa don hana hoto rawa, kuma doguwar jijjiga tana gajiyar da shi. Ga ƙananan babura, kamfanin ya ba da shawarar mariƙi mai shanye jijjiga da kuma rage daɗewa. Duk wayar da ke da irin wannan kyamara tana da sassa masu motsi iri ɗaya.

Na biyu, manhajar da ba a amfani da ita gara a goge ta, a kuma duba waɗanda aka ba izinin ganin motsa jiki da wurin da mutum yake. Manhajar tocila ba ta da hurumin sanin takun mai ita.

Na uku shi ne makullin ƙwace. Yana aiki a wayoyin Android 10 zuwa sama, ban da masu ƙaramin tsarin Android Go da ke kan wasu wayoyi masu araha. A yawancin wayoyi sai mai waya ya kunna shi da kansa, ta shiga saituna, sashen Google, ya nemi Theft protection. A nan kuma akwai zaɓin kulle waya idan an katse mata intanet na wani lokaci, da na kulle ta daga nesa da lambar layi ta shafin android.com/lock.

Google da kansa bai ce tsarin zai gane kowane ƙwace ba. Wanda aka tare da makami ya miƙa wayarsa da hannunsa, babu fizgar da na'ura za ta ji, kuma babu wayar da ta kai ran mai ita. Makullin ma ba ya dawo da waya. Amfaninsa ɗaya ne: idan mai babur ya tsaya a lungu ya duba abin da ya warto, ya tarar da ita a kulle, mai ita kuma ya samu mintocin da zai kira banki da kamfanin layi. Duk wannan sai idan akwai lambar sirri a kan wayar tun farko, kuma an kunna tsarin kafin ranar da za a buƙace shi.